Tafiya ta Farko zuwa Ƙasar Fadama da Garuruwan Tsakiyar Ruwa: Yadda Ake Shirya Ta

Gabatarwa

Idan an gama girbi, an zuba dammunan gero a rumbu, manomi kan sami ɗan sarari. A wannan lokaci ne ƙungiyoyin manoma da na masu lambu, da mata masu asusu, da ɗaliban yaƙi da jahilci kan yi shawarar fita ziyarar buɗe ido, domin su ga yadda wasu suke zaune. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi.

An shirya wannan shafi ne domin mutanen gundumomin Magarya da Dungas waɗanda ke son yin gajeruwar tafiya, karo na farko, su ga tsuntsaye da sauran halittun ruwa, kuma su kwana a garin masunta da ruwa ya kewaye. Zai yi bayani a kan wurin zuwa, da lokacin da ya dace, da takardu, da kuɗi, da kiyaye rai da lafiya.

Shawarar da shafin ke bayarwa guda ce: tafiyar farko ta kasance kusa da gida, a yi ta lokacin sanyi, kuma kada a haɗa wurare fiye da biyu. Wanda ya kwashi wurare da yawa cikin kwana kaɗan, a mota zai ƙare kwanakinsa, ya komo gida da gajiya da bashi.

1. Mece ce ƙasar fadama?

Fadama, ko dausayi, ita ce wurin da ruwa ke kwanciya, ko dai shekara duka ko kuwa wasu watanni. Tabki da korama da bakin kogi duk suna cikin wannan. Daga fadama ake samun kifi, da shinkafa, da kayan lambun rani, da ciyawar dabbobi. Ruwan da ya kwanta a cikinta shi ne ke nutsewa ƙasa ya ciyar da rijiyoyi. Kuma nan ne mazaunin tsuntsaye iri-iri.

A shekarar 1971 ƙasashen duniya suka ƙulla yarjejeniya a garin Ramsar na ƙasar Iran, domin kiyaye irin waɗannan wurare. Nijar ta shiga yarjejeniyar a 1987. Zuwa shekarar 2019 an rubuta wurare 14 na Nijar cikin jerin fadamu masu muhimmanci ga duniya. Biyu daga cikinsu suna jihar Damagaram: tabkin Lasuri, wanda aka rubuta a 2005, da tabkin Gidimuni, wanda aka rubuta a 2019. Ranar 2 ga watan Fabrairu ta kowace shekara ita ce ranar fadamu ta duniya.

2. Ina za a je?

*Kwarin Korama.* Wannan namu ne na gida. Mutanen Bande da Waca da Gushi sun san tabkunansa da gonakin rake da na rogo da ke bakinsu. Yana da kyau ƙungiya ta fara fita can da asuba sau ɗaya ko biyu, ta koyi zama shiru da kallon tsuntsu, kafin ta kashe kuɗin mota.

*Tabkin Gidimuni.* Yana gabas da birnin Damagaram da wajen kilomita 70, a kan babbar hanyar da ta bi ta Miriya ta nufi Gure. Itatuwan dabino da lambuna sun kewaye shi, kuma ana su a cikinsa. Daga Magarya zuwa Damagaram kusan kilomita 100 ne. Ba a ƙetare iyaka, ba a canjin kuɗi. Kwana biyu sun isa. Sai dai babu garin tsibiri a nan.

*Fadamar Haɗeja da Nguru.* Tana cikin jihohin Jigawa da Yobe na Najeriya, kudu maso gabas da Dungas. Ita ce babbar fadama mafi kusa da mu, kuma ita ce ta haɗa abubuwa biyun da ake nema. A nan kogin Haɗeja da kogin Jama'are suke ratsa tsofaffin jigayi na rairayi, sai su rarrabu hannu-hannu, kafin su haɗu su zama kogin Komadugu Yobe, wanda ke bi ta Diffa ya faɗa Tafkin Cadi. Idan ruwa ya cika kwarurrukan da ke tsakanin jigayin, sai tuddai su zama tsibirai. A kan waɗannan tuddai ne garuruwa da dabobin masunta suke, kuma wasunsu sai da kwalekwale ake shigarsu tsawon watanni. Tabkin Nguru da hannun ruwa na Marma su ne wuri na farko da Najeriya ta rubuta cikin jerin Ramsar, a shekarar 2000. An ƙara da gandun Baturiya, a ƙasar Kiri Kasamma, da tabkin Dagona a 2008.

*Tsibiran nesa.* Mutane da yawa sun ji labarin Ayoru, a kan kogin Kwara, inda tsohon gari yake kan tsibiri, ana cin kasuwa ran Lahadi, ana kuma ganin dorina. Amma daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne, sannan a ƙara wasu 200 kafin a kai Ayoru, kuma an sa dokar ta-ɓaci a gundumar a 2017 saboda rashin tsaro. Haka nan tsibiran Tafkin Cadi: bayan harin da aka kai tsibirin Karamga a watan Afrilun 2015, hukuma ta umarci mazauna tsibiran ɓangaren Nijar su fita. Waɗannan wurare ba na tafiyar farko ba ne.

Saboda haka sauran bayanin wannan shafi ya fi karkata ga fadamar Haɗeja da Nguru. Wanda ya zaɓi Gidimuni zai iya amfani da shawarwarin lokaci, da na lafiya, da na ladabi, duka yadda suke.

3. Wane lokaci ya fi dacewa?

*Damina (Yuli zuwa Satumba).* Ruwa na hauhawa, hanyoyi na yankewa, sauro ya yi yawa, kuma aikin gona bai bar kowa ba. A 2022 ambaliya ta ci garuruwa da gonaki masu yawa a ƙasar Haɗeja. Ba lokacin ziyara ba ne.

*Kaka (Oktoba).* Ruwa na nan da yawa, laka ba ta bushe ba, mutanen fadama kuma sun duƙufa ga shinkafarsu.

*Sanyi (Nuwamba zuwa Fabrairu).* Wannan shi ne lokacin da ya fi. Ruwa ya fara janyewa, hanyoyi sun buɗe, amma kwalekwale na tafiya. Tsuntsayen ƙasashen waje sun iso. Disamba da Janairu sun fi kowane wata. A tsakiyar Janairu ne ma masana ke ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama na duniya. A riƙe bargo da rigar sanyi, domin sanyin asuba a bakin ruwa ya fi na tudu. Ranar da hazo ya yi kauri ba a gani da nisa.

*Bazara (Maris zuwa Mayu).* Zafi ya tsananta, ƙananan tabkuna sun ƙafe, baƙin tsuntsaye sun kama hanyar gida. Tsibirai da dama sun koma haɗe da tudu.

4. Me za a gani?

Akwai tsuntsayen da muka saba da su: balbela, da zalɓe, da kazar ruwa, da kirinjijiya mai farar fuska wadda ke tashi garke-garke tana fito, da dinya wadda ta fi duk agwagin daji girma. Gauraka, wadda dattawa suka saba gani a da, ta yi wuyar gani ƙwarai. Wanda ya dace da ita ya rubuta rana da wuri.

Akwai kuma baƙi. Kowa ya san shamuwa tana zuwa da damina, ta tashi idan ruwa ya ɗauke, ta nufi kudancin Afirka. To, daidai lokacin da take tafiya ne wasu tsuntsaye ke isowa daga arewa, daga ƙasashen Turai da Rasha, inda ruwa ke daskarewa don sanyi. Suna ƙetare teku da Sahara, tafiyar da ta wuce kilomita 4,000, su sauka a fadamunmu. Cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta ke fitar da farin layi a saman ido wajen ƙarshen sanyi, da wata mai dogon wuya da tsinin wutsiya, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke kiwo a laka da gonakin shinkafa. Wajen Maris da Afrilu suke komawa su yi ƙwai.

Wani lokaci akan ga tsuntsu da ɗan zobe a ƙafa. Masana ne suka sa shi domin su san hanyar da yake bi. A jikin zoben akwai lamba da sunan wurin da aka sa shi. Idan masunci ya nuna muku irin wannan zobe, ku karanta, ku kwafe rubutun daidai a littafinku, ku kai wa ma'aikatan gandun daji. Nan ma karatu ya yi rana.

Cikin ruwa akwai tarwaɗa, da karfasa, da kurungu, da gaiwa wadda ke shiga laka ta kwanta idan ruwa ya ƙafe. A bakin ruwa akan ga guza. Cikin tsirrai akwai bado, da kainuwa, da kacalla, da goruba, da bagaruwa. Kada ku sa ran ganin dorina. Masu son ganinta kogin Kwara suke zuwa.

Tsuntsu ba ya jiran mai barci. Lokacin kallo biyu ne: daga bayan sallar asuba zuwa hantsi, da kuma daga la'asar zuwa kafin faɗuwar rana. A sa tufafi marasa ƙyalli, a rage murya, a tsaya rana tana bayan mutum. Idan za a iya aron madubin hangen nesa guda, ya ishi ƙungiya duka.

5. Tsarin kwana biyar

Mutum shida zuwa takwas sun isa ƙungiya. Idan sun fi haka, masauki da kwalekwale za su yi wuya.

*Rana ta 1: tafiya.* Mutanen Dungas su fita ta Maigatari, su bi ta Gumel da Malam Madori su isa Haɗeja. Mutanen Magarya kan bi ta Tinkim su fita Ɓaɓura, daga nan su nemi motar Gumel. Ran Alhamis ake cin kasuwar Maigatari, saboda haka motoci sun fi samuwa a ranar. A yi sammako, domin a shiga Haɗeja da sauran rana. A nemi ma'aikatan gandun daji, a sanar da su, a nemi izinin shiga Baturiya da ɗan rakiya.

*Rana ta 2: Baturiya.* A isa bakin ruwa da sassafe. Da rana a huta a inuwa, a rubuta abin da aka gani. Da la'asar a ƙara kallo kaɗan, a koma masauki kafin duhu.

*Rana ta 3: Nguru.* A bi hanyar Birniwa. Nguru tsohuwar cibiyar ciniki ce. Tun 1930 hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta iso ta. Akasarin mutanenta Mangawa ne da Hausawa da Fulani da Badawa, kuma ana jin Hausa ko'ina. Daga bakin tabki, irin su Dabar Magini, ake samun kwalekwale. Da taimakon ɗan rakiya ko mai masaukinku za a zaɓi garin da za a kwana, kuma a aika wa mai garin tun kafin a tashi.

*Rana ta 4: zama a gari.* Wannan rana ba ta da jadawali. Da asuba a bi masunta a ga yadda suke duba koma da gura. Da rana a zauna da masu gyaran taru da mata masu banda kifi. A yi tambaya, a saurara.

*Rana ta 5: komowa.* A ƙetare ruwa da safe, kafin iskar hunturu ta taso, a kama hanyar gida.

Idan kuɗi ko lokaci bai kai ba, a bar Nguru, a nemi garin bakin ruwa kusa da Baturiya, a yi kwana uku. Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

6. Takardu da labarin hanya

Ko da yake mutanen iyaka dangin juna ne, kuma sun saba shiga kasuwannin juna, mai nisa cikin wata ƙasa yana bukatar takarda. Kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa wanda bai mutu ba, da katin rigakafin shawara. A bi ta ƙofar hukuma, kada a bi ta ɓarauniyar hanya.

Dokokin iyaka suna canzawa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. An sake rufe iyakar ƙasashen biyu bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, aka buɗe ta a Maris na 2024. A Janairun 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar CEDEAO. Saboda haka, mako guda kafin tafiya, shugaban ƙungiya ya je wurin ƴan sandan iyaka ya tambayi takardun da ake nema. Yana da amfani kuma a karɓi takarda daga ofishin magajin gari, mai ɗauke da sunayen matafiya da dalilin tafiyarsu.

A tambayi labarin tsaro daga bakin direbobin tasha da ƴan kasuwar da suka bi hanyar cikin makon. Jihar Yobe ta sha fama da rikici, musamman gabashinta da kudancinta, har aka sa mata dokar ta-ɓaci a 2013. A tafiyar farko kada a wuce Nguru. Idan labarin da aka samu bai kwantar da hankali ba, a juya akala zuwa Gidimuni. Matambayi ba ya ɓata.

A bar wa mutum guda a gida takarda mai sunayen matafiya, da garuruwan da za su kwana, da ranar komowa. A tuna layin wayar Nijar kan daina aiki idan an yi nisa da iyaka.

7. Lissafin kuɗi

Kuɗin mota da canjin sefa da naira ba sa tsayawa wuri guda. A tambayi farashi a tasha kwana kaɗan kafin tafiya, a rubuta shi ƙarƙashin waɗannan kawuna biyar:

1. Mota, zuwa da komowa.
2. Abinci da ruwan sha.
3. Masauki, da abin da za a ba mai masauki.
4. Kwalekwale, ɗan rakiya da kuɗin shiga gandu.
5. Ajiyar ko-ta-kwana: kashi ɗaya cikin biyar na dukan kuɗin.

Ga misalin tara kuɗi. Mutum 8 suka yarda kowa ya zuba jika 2 a mako, har mako 10. Kowa ya tara jika 20, ƙungiya ta tara jika 160. Kashi ɗaya cikin biyar na 160 shi ne 32. Ke nan jika 32 ajiya ce, jika 128 ne na kashewa. Idan lissafin tasha ya wuce abin da aka tara, a rage kwana ko a ƙara makonnin zubi. Kada a taɓa ajiya, kada a sayar da hatsin gida, kada kuma a ci bashi domin buɗe ido.

A naɗa ma'aji guda da marubuci guda. Kowane dare marubuci ya karanta abin da aka kashe a gaban kowa. A raba kuɗin tsakanin mutum biyu ko uku, kada su taru a aljihu guda. Guzuri daga gida, kamar gumba, ƙuli-ƙuli, garin rogo da dabino, yana rage kashe kuɗi.

8. Shiga kwalekwale

Yawancin mutanen tudu ba su iya iyo ba, kuma a nan ne babban haɗarin wannan tafiya yake. A ƙarshen Nuwamban 2021 wani jirgin ruwa ya kife a Bagwai ta jihar Kano, mutane fiye da 20 suka rasu, akasarinsu ɗaliban Islamiyya. Lodi fiye da kima ne ya jawo. Domin kauce wa irin wannan, a kiyaye waɗannan dokoki:

- A nemi matuƙi ta hannun sarkin ruwa ko mai gari, kada a bi duk wanda ya yi kira a bakin gaɓa.
- A duba jirgin kafin a shiga. Idan ruwa na tsattsafowa ta ƙasa, a nemi wani.
- Idan jirgi ya nutse har ruwa ya kusa bakinsa, lodi ya yi yawa. A kasu biyu, ko da za a biya sau biyu.
- A shiga ɗaya bayan ɗaya, a zauna ƙasa a tsakiya. Ba a miƙewa, ba a canza wuri, ba a taruwa gefe guda domin kallon tsuntsu.
- Idan akwai rigar kariya, a sa ta, a ɗaure. Idan babu, a shiga da jarkoki marasa komai, a toshe bakinsu da kyau.
- Maza su tuɓe babbar riga su naɗe, mata su sassauta abin da zai naɗe ƙafa.
- Ba a shiga ruwa da dare, ko lokacin iska mai ƙarfi.
- Idan jirgi ya kife, a riƙe jikinsa, kada a riƙe juna.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da jirgi ba, ya faɗa. Babu kunya cikin wannan.

9. Kiyaye lafiya

*Zazzaɓin cizon sauro.* A bakin ruwa sauro ba ya ƙarewa ko da sanyi. Kowa ya tafi da gidan sauronsa mai magani. Wanda ya ji zazzaɓi a hanya, ko bayan komowa, ya je likita a gwada jininsa. Mace mai ciki da ƙananan yara su dakata a gida a wannan karo.

*Tsargiya.* Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin ƙananan katantanwa da ke cikin ruwan da ba ya gudu, ta huda fata ta shiga jiki. Alamarta jini a fitsari, kuma takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta bayyana. Kada a yi wanka ko wanki ko alwala a tabki. A yi da ruwan rijiya ko na famfo. Kada a yi fitsari ko bayan gida a cikin ruwa ko kusa da shi. Akwai maganinta a likita.

*Gudawa.* A sha ruwan famfo, ko wanda aka tafasa, ko wanda aka sa wa ƙwayar tsabtace ruwa. A wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. A ci kifin da ya dahu sosai. A riƙe ƙunshin gishiri da sukari na likita.

*Murar tsuntsaye.* Mutanen Magarya ba su manta ba: a garinsu ne aka fara tabbatar da wannan cuta a Nijar, cikin watan Fabrairun 2006, a jikin agwagin gida. Kada a taɓa mataccen tsuntsu ko mai ciwo. Idan an ga sun mutu da yawa wuri guda, a gaya wa ma'aikatan gandun daji ko malamin dabbobi. Kada a sayo kaji ko agwagi masu rai a kawo gida.

10. Zama a garin masunta

Rayuwar garin tsakiyar ruwa tana bin ruwa da kifi. Jirgi ba ya tashi sai ya tashi. Baƙon da ya zo da gaggawa zai wahalar da kansa, ya kuma takura wa masu gida.

Da isa, a fara gaida mai gari, wanda a ƙasar Mangawa ake ce wa bulama. Dattijon ƙungiya ne zai yi magana, bayan an tuɓe takalma an durƙusa: "Ranka ya daɗe, mu baƙinka ne daga ƙasar Dungas. Manoma ne mu, mun zo ganin ruwa da ƙaro sani, muna neman izininka da masauki." A miƙa goro, da ɗan tsarabar gida kamar dabino ko rake. Daga nan a gaida liman da sarkin ruwa. Mata su shiga cikin gida su gaida uwargida.

Kada a ɗauki hoton mutum, balle matan aure, sai da izini. Kada a taɓa taru ko gura ko jirgin wani. Akwai wuraren da aka hana su har zuwa wani lokaci domin kifi ya hayayyafa. A kiyaye wannan doka ko da ba a rubuce take ba. Cikin gandu an hana harbi, da ɗibar ƙwai, da sare itace, da sa wuta. A komo da ledoji da tsofaffin batura, kada a jefa su a ruwa. A sayi kifi a hannun masu shi, a biya farashin da ya dace. Ran tafiya a yi sallama da kowa, a sa wa uwargida wani abu a hannu saboda itace da ruwan da ta kashe.

11. Abin da za a komo da shi

Babbar tsaraba ita ce abin da ido ya gani. Kafin a gina manyan madatsun ruwa, ambaliya kan rufe wajen murabba'in kilomita 2,000 ko fiye a wannan fadama. An gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Calawa a 1992. Da madatsun da farin shekarun 1980 suka haɗu, faɗin ambaliyar ya ragu ƙwarai. Kuma da yake ana sakin ruwa har da rani, wasu hannuwan kogi sun daina bushewa, sai kacalla ta samu wuri ta yaɗu. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama makwancin tsuntsayen jan-baki masu cin gero da shinkafa. Wasu garuruwa ruwa ya yi musu yawa, wasu kuma ya daina kai musu.

Kacalla ta shiga tabkuna da dama na jihar Damagaram ma. Saboda haka ku tambayi masu masaukinku yadda suke gayya su yanke ta, da watan da suke yi, da abin da suke yi da wadda aka yanke. Ku tambayi yadda manomi da makiyayi da masunci suke raba bakin ruwa guda, da wanda ke sasanta su idan sun saɓa. Ku rubuta amsoshin. Bayan komowa da mako guda, ku tara jama'ar gari ku karanta musu.

Ma'anar wasu kalmomi

- *Tsibiri:* tudun da ruwa ya kewaye ta kowane gefe.
- *Daba:* zangon masunta a bakin ruwa.
- *Gandu:* dajin da hukuma ta keɓe, ta hana farauta da sara a cikinsa.
- *Gura:* tarkon kifi da ake ajiyewa cikin ruwa.
- *Madatsa:* ginin da ake tare kogi da shi domin tara ruwa.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Waɗanne tsuntsaye ne dattawan garinku suka sani a da, waɗanda ba a ganinsu yanzu?
2. Me ya sa Disamba da Janairu suka fi dacewa da wannan tafiya?
3. Mutum 6 sun zuba jika 3 kowane mako har mako 8. Nawa suka tara? Nawa ne ajiyar ko-ta-kwana?
4. Matuƙi ya ce ku takwas ku shiga jirgin da kuke ganin na mutum biyar ne. Me za ku ce masa?
5. Wace doka garinku yake da ita ta kiyaye tabki ko korama? Wa ke tsaron ta?